Saman da Auta Ta Bari

Litinin, ƙarfe tara na safe

Dogo ya kawo jikata Tsuntsuwa kamar kullum, ya tsaya a bakin ƙofa kamar kullum. Na ce ya shigo ya sha shayi, ya ce ya makara. Bai makara ba. Shekara huɗu yana auren 'yata, na san lokacin da makarantar da yake koyarwa take kaɗa ƙararrawa.

Har ya juya sai ya ce, "Mama, an amince min da canjin wurin aiki. Ƙarshen watan nan zan koma garinmu."

Na ce, "Da Tsuntsuwa?"

Ya ce, "Da ita, Mama." Bai kalle ni ba.

Awa shida ne a mota. Yarinya shekararta biyu. Mai shekara biyu wata uku ya ishe ta ta manta fuskar kakarta.

Wannan littafin na 'yata Auta ne. Shafukan farko duk ɗigon kala ne da take gwadawa, sauran babu komai. Yau wata biyu da kwana tara da rasuwarta. Ba ni da wanda zan gaya wa magana a gidan nan, to bari in gaya wa takarda.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Na gaya wa Maigida. Yana ɗakin fentinsa yana wanke buroshin da ya riga ya wanke jiya. Ya ce, "Ya tafi mana. Wa ya riƙe shi?" Na ce jikarka fa? Ya ci gaba da wanki.

Sai da na hau keke na fara ɗinki ya leƙo. "Tela, ki gaya wa malamin makarantar nan, kafin ya tafi ya dawo min da katakon 'yata."

Tun barandar asibiti ba su yi wa juna magana ba. Abin da Maigida ya faɗa a wurin ba zan rubuta shi ba.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Maganar katako.

Auta a wurin ubanta ta gaji zane. Shi shekara talatin yana rubuta allunan shaguna, ranar hutu kuma ya ɗauki fentin ruwa ya tafi bakin tafkin da ke bayan tsohuwar tashar jirgi. Tun ba ta kai tsawon tebur ba take binsa da kwalabe. Da ta tashi aure kuma ta kawo mana malamin zane, masu ɓata min tawul suka zama uku.

Kafin abin ya faru ta sayi takarda mafi girma da na taɓa gani, faɗin teburin da nake yanka yadi, ta manne ta a katako da salatif. Asabar uku tana zuwa tafki. Ta gama gadar ƙarfe, ta gama bishiyoyi da ruwan. Sama ce ta rage, rabin takardar fari fat. Ta ce sama mai wannan faɗi hannu ɗaya ba ya iya ta. Dole takarda ta kasance a jiƙe daga wannan gefe zuwa wancan, mutum biyu su taso daga gefe biyu su haɗu a tsakiya kafin ta sha iska. In gefe ɗaya ya bushe kafin ɗayan ya iso, layi zai fito, kuma ba ya goguwa.

Maigida ya ce shi ta ce zai taya ta. Dogo, da na kai masa saƙo yau da safe, ya ce shi ta ce. Dukansu gaskiya suke faɗa, a gabana ta gaya wa kowannensu. Haka take tun tana ƙarama, alawa ɗaya sai ta yi wa mutum biyu alkawarinta.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Na yi ƙarya biyu kafin in karya kumallo. Na ce wa Dogo Baba ne ya ce su yi saman tare. Na ce wa Maigida yaron ne ya roƙa. Allah ya yafe min. Tunanina shi ne, in suka tsaya a kan katako ɗaya dole su yi magana, in suka yi magana wataƙila ba za a ɗauke min yarinya ba.

Asabar huɗu suka rage.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Ƙafafuna ba nawa ba ne yau.

Jarkar ruwa ni, kujeru biyu ni, yarinya a bayana. Maigida ya riƙe akwatin fentinsa kamar jariri, bai ko waiwayo ba. Mun tarar da Dogo ya riga mu, ya jingina katakon a jikin bishiya, lulluɓe da zanen gado. Ya yaye shi. Ga gadar a takarda, ga ta can a gabanmu. Akwai wani faffaɗan dutse inda take zama, har yanzu da shuɗin fenti a gefensa. Ba wanda ya zauna a kai.

An yarda a fara gwadawa a takardu masu arha, tunda ta gaske guda ɗaya ce. Na ce an yarda, amma ta bakina aka yarda. Taku uku ne tsakaninsu.

"Tela, tambaye shi, wannan buroshin fenti ne ko na sharar gida?"

"Mama, ki ce wa Baba wannan nasa na rubutun allo ne. Kafin ya ja layi biyu takarda ta bushe."

"Ki ce masa tun ba a haife shi ba nake riƙe buroshi."

"Mama, ki ce masa na sani."

Wani tsoho mai kamun kifi da fatsa yana zaune kusa da mu. Ya daɗe yana kallonmu, sai ya ce, "Baiwar Allah, kurame ne?"

Na ce, "A'a, maza ne."

Takarda uku suka ɓata. Maigida yana tafiya layi-layi daga sama kamar yana rubuta sunan shago. Dogo yana sharar nasa gefen kamar ana binsa. Kowanne in ya zo kusa da tsakiya sai ya janye hannu. Duk ukun layi ya fito, miƙaƙƙe kamar da abin awo aka ja shi. Tsuntsuwa kuma ta sha ruwan wanke buroshi, bakinta shuɗi har yanzu.

Na gaji da mutanen nan biyu.

Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Wayata ta yi ƙara wajen tara da rabi, na kasa ɗauka. Ashe wata da ta kawo ɗinki ce take tambayar rigarta. Duk wayar da ta shigo a wannan lokacin sai in bar ta ta yi ta ƙara.

Talata, ƙarfe uku na rana

Na ɗinka hannun riga a baibai. Na farke, na sake ɗinka shi a baibai.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Maigida ya yini yana haɗa shuɗi a faranti. Ya kira ni sau huɗu in zo in ga bambanci. Ban ga bambanci ba. Ya ce ai ke idonki a zare ya ƙare. Na ce zaren ne dai ya ɗinka wandon da ke jikinka.

Da Dogo ya zo ɗaukar yarinya ta maƙale a wuyana, ta ƙi zuwa. Raina ya yi daɗi, sai kuma na ga fuskarsa na ji kunya. Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na zuba masa shinkafa a kwano na ce ya tafi da ita, ya ce ya ƙoshi. Na ce ban tambaye ka ba.

Asabar, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Yau rigimar kala ce.

Maigida yana son sama shuɗiya tar, wai haka Auta take son ta. Dogo ya ce a dubi ruwan da ta zana, toka-toka ne, inuwar bishiyoyi ba ta da kaifi, ranar akwai hadari. Gaskiyarsa, ko ni na gani. Amma da na isar da saƙon sai na rage masa gishiri, na ce yaron ya ce shuɗinka ya yi kyau, a ɗan ƙara toka kaɗan. Maigida ya ce, "Ina da kunne, Tela. Ba haka ya ce ba." To in kana da kunne me nake yi a tsakani?

Kowa ya haɗa tasa kalar a nasa kwanon. Abin da ya fito, rabin takarda rani, rabi damina. Mai fatsa ya taso ya leƙa, ya ce, "Wannan gari biyu ne ko ɗaya?" Ba wanda ya yi dariya sai ni.

A takarda ta biyu na tsaya a bayansu na zuba ido sosai. Yanzu na gane abin. Ba saurin Dogo ba ne, ba nawar Maigida ba ce. Kafin kala ta haɗu sai buroshin wannan ya shiga cikin jiƙaƙƙen wurin wancan, na wancan ma ya shigo, hannu ya ƙetare hannu, kafaɗa ta gogi kafaɗa. Su kuwa saura faɗin yatsa biyu sai kowa ya tsaya yana jiran ɗan'uwansa ya matsa. Kafin a gama jira ta bushe.

Na gaya musu. Ni da ban wuce aji shida ba na gaya wa masu zane biyu abin da ke damun zanensu. Maigida ya ce in kula da yarinya. Dogo ya ce, "To, Mama," irin to ɗin da ake ce wa tsofaffi.

Saura Asabar biyu.

Lahadi, ƙarfe ɗaya na rana

Ban fita ba. Ban ɗinka komai ba.

Talata, ƙarfe goma na safe

Dogo ya fara haɗa kaya. Yau tare da yarinya ya kawo kwali biyu, ya ajiye a bakin ƙofa. Kayan sawar Auta. Ya ce, "Mama, ke kika ɗinka yawancinsu, na ga ke kika fi dacewa da su."

Na buɗe ɗaya kawai. Koriyar rigar nan ce a sama, wadda ta sa na buɗa mata aljihu biyu manya don fensir, muka yi ta faɗa na ce riga ce ko jaka. Akwai guntun fensir a aljihun hagu, ta ciccije bayansa. Shekara ashirin da bakwai ina hana ta cizon fensir.

Na rufe kwalin. Tsuntsuwa ta hau kai ta zauna tana buga ƙafa.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Na ce wa Maigida, "Malam, kalma ɗaya ce fa. Ka ce masa baƙin ciki ne ya sa ka faɗa, shi ke nan." Ya ce, "Ƙarya na yi?" Na koma kan kekena.

Da ya san abin da na sani.

Juma'a, ƙarfe tara da rabi na safe

Ga lokacin ya sake zagayowa. Na saka wayar a cikin durowa.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta abin da ya faru.

Takarda ta farko layi ya sake fitowa. Maigida ya jefar da buroshi a ciyawa, ya juya ya kalli Dogo, karo na farko cikin wata uku. Ya ce, "Kai ka roƙa a yi aikin nan tare, kuma kai kake ɓata shi."

Dogo ya ce, "Ni, Baba? Mama ta ce kai ka ce."

Suka juyo gaba ɗaya suna kallona. Na ce e, ni ce, ku kai ni ƙara.

Dogo ya fara tattara kwanoninsa. Ya ce shi dama ya san ba a son ganinsa. Maigida ya ce, "Tafi mana. Ai ka iya rufe kunne. Sau shida ta kira ka." Ya sake faɗar abin da ya faɗa a asibiti, kalma bayan kalma. Tunda ya maimaita bari in rubuta. Ya ce da ka ɗaga waya da 'yata tana raye.

Yaron yana cikin aji ranar, ana jarrabawa, wayarsa tana ofis. Kowa ya san haka. Bai kare kansa ba, ya tsaya da kwano a hannu, kala tana ɗiga a takalminsa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Malam, ni ta fara kira."

Na ce tun tara da rabi ta kira ni, kafin ta kira mijinta. Ta ce, Mama, kaina kamar zai tsage, ban taɓa jin irinsa ba. Ina tsakiyar wata riga da za a zo karɓa da rana. Na ce mata zama a rana ne ya yi miki yawa, ki sha magani ki kwanta, in na gama zan leƙo. Tafiyar minti goma ce tsakanin gidanmu da nasu. Na gama rigar. Har guga na yi mata.

Na ce, "Ni na ɗaga wayar, Malam. To ka gaya min abin da ka gaya masa."

Mai fatsa ya naɗe zarensa ya bar wurin. Tsuntsuwa ce ta zo tana jan zanina wai in ɗauke ta.

Kowa ya kama hanyarsa. Ban san wanda ya ɗauko kujerun ba, na dai gan su a tsakar gida.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Maigida bai yi min magana ba. Na ajiye abinci, ya ci rabi.

Likita ya ce ko da an kawo Auta da wuri, bai sani ba. Bai sani ba. Da ya ce e, ko ya ce a'a, da na san inda zan ajiye kaina.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Na yi zaton Dogo ba zai kawo yarinya ba. Ya kawo ta. Na kasa ɗaga ido. Ya miƙo min ita, ya daɗe bai saki hannunta ba, sai ya ce, "Mama, ni ma da ta same ni haka zan ce mata. Ta sha magani ta kwanta. Haka kowa zai ce."

Ya tafi da sauri, yau kam da gaske ya makara.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Maigida ya shigo ɗakin ɗinki ya zauna a kujerar masu jira. Bai taɓa zama a kanta ba, wai tana soke shi. Ya ce, "Wata uku kina ɗauke da wannan ke kaɗai?" Na ce e. Ya ce me ya hana ki faɗa? Na ce na ji abin da aka gaya wa wanda bai ɗaga ba, ina zan iya da abin da za a gaya wa wadda ta ɗaga?

Ya ɗauki wani ƙyalle ya ninke, ya warware, ya ninke. Sai ya ce, "Tela, kujerar nan har yanzu tana suka." Ya tashi ya fita.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Maigida ya sa rigarsa ta fita unguwa tun safe, bai ce min ga inda za shi ba. Ya dawo yanzu, takalmansa duk jar ƙasa. A unguwar nan filin makarantar su Dogo ne kawai yake da irinta. Ban tambaya ba.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Ya ce gobe in bar yarinya a wurin maƙwabciya, ana buƙatar hannuna biyu. Na ce gwaji ne kuma? Ya ce takardun gwaji sun ƙare.

Asabar, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Tun bakwai muna bakin tafki, kafin rana ta yi zafi. Sun kwantar da katakon a kan duwatsu biyu, kansa ya ɗan ɗaga. Kala a kwano ɗaya aka haɗa, babba, kwanon haɗa fulawata ne ma, ban san an ɗauko shi ba. Toka-toka mai ɗan shuɗi. Dogo ya miƙa wa Maigida ɗaya daga manyan buroshinsa, ya karɓa yana yatsina fuska. Ƙaramin nasa ya soke a bayan kunne, don Dogo ya ce gefen ƙarafan gada da kan bishiyoyi Baba ne zai zagaye su, shi hannunsa ba ya tsayawa haka.

Ni aka ba soso. Aikina in jiƙa farin wurin da ruwa mai tsabta, kada ko ɗigo ya taɓa abin da Auta ta zana. Na ɗinka mayafin amare ban ji tsoro irin wannan ba. Da soso ya taɓa takardar sai na tuna hannunta ne na ƙarshe da ya shafe ta. Maigida ya ce, "Tela, ba yanzu ba. In an gama ki yi kukan."

Suka fara. Ban taɓa jin hayaniya irin wannan a kan takarda ba.

"Rage gudu, kai, ba wuta ake kashewa ba!"

"Baba, ƙara ruwa, naka yana shan iska!"

"Na gani, ina da ido!"

"Mama, soso, nan, tsakiya, kada ki matse!"

Iska ta taso. Na cire mayafina na tare ta da hannu ɗaya, soso a ɗayan. Suka zo tsakiya. Na ga hannun Dogo ya fara janyewa kamar yadda ya saba. Maigida ya daka masa tsawa, "Shigo nawa! Shigo, kada ka tsaya!" Ya shiga. Shi ma Maigida ya zura nasa ta ƙarƙashin hannun yaron har cikin ɓangarensa, kawunansu suka gwaru, hular Maigida ta faɗi a ciyawa ba wanda ya kula. Daga nan ya zaro ƙaramin buroshin ya bi ƙarafan gadar ɗaya bayan ɗaya, Dogo yana riƙe masa kwano yana cewa a hankali, Baba, saura uku, saura biyu.

Duka abin bai kai minti goma ba.

Babu layi. Na duba daga kusa, na ja baya na duba. Sama ɗaya ce.

Sai dai can kusurwar hagu ta sama akwai wani tabo kamar fure, girman tafin Tsuntsuwa, inda ruwa ya ɗiga daga sosona lokacin da nake faɗa da iska. Su biyun suka gan shi tare. "Mama!" "Tela!" Wata uku ba su haɗa baki a kan komai ba, da suka tashi haɗawa a kaina suka haɗa. Mai fatsa ya zo ya leƙa ya ce shi dai girgije ya gani. Allah ya yi masa albarka.

Ba a ɗaga katako sai ya bushe, don haka muka zauna. A nan na yi kukan da aka ce in ajiye. Da na gama Dogo ya ce ya je ofis ranar Alhamis don a soke canjin wurin aikin, an ce takarda ta riga ta fita, an tura wani a madadinsa. Ba gyara sai bayan shekara. Na ce to. Me zan ce?

Ya tsinki ciyawa ya yi ta murzawa. Ya ce can ɗaki ɗaya aka ba shi, mahaifiyarsa kuma gwiwoyinta ba sa barinta ta bi yaro. Ya ce yarinya ta rasa uwa, ba ya son ta rasa gidan da ta sani a shekara ɗaya. "In ba zan ɗora miki nauyi ba, Mama. Zan riƙa zuwa duk bayan sati biyu."

Maigida ne ya amsa, wai shi a dole bai ji komai ba. "Ranar Juma'a za ka riƙa tasowa, ba Asabar ba. Motar Asabar ba ta isowa sai rana ta faɗi." Suka shiga gardamar mota.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Zanen yana ɗakin zama. Maigida ya ce Dogo ya tafi da shi, Dogo ya ce ɗaki ɗaya ba ya ɗaukarsa. Awa guda suna turawa juna. Na ce in ba ku daina ba zan yanka shi biyu da almakashina. An rataye.

Litinin, ƙarfe goma sha biyu na rana

Dogo ya tafi da motar bakwai.

Ya kawo yarinya da jakarta, da ƙaramin filonta, da takarda shafi biyu da ya rubuta min: ba ta son ƙwai, tana tsoron ƙarar injin niƙa, in za ta yi barci sai an riƙe mata kunne. Ni da na raini uwarta ake rubuta wa wannan. Na karɓa na ninke na saka a nan cikin littafin.

Wannan karon ya shigo har ciki. Ya sha shayi a tsaye. Ya durƙusa ya ɗaure mata igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Maigida ya ɗauki akwatin Dogo ya ce zai raka shi tasha, wai dama yana da abin saya a can. Shagunan tasha ba sa buɗewa sai tara.

Daga taga na ga Dogo ya kai kwanar layi ya tsaya, ya juya baya ga gidan, ya sa hannu biyu a fuska. Maigida ya ajiye akwatin ya tsaya kusa da shi yana kallon wani wuri daban. Wata guda ina roƙon a bar min yarinyar nan. Sai yau na ga daga hannun wanda aka ciro ta.

Ta yi kuka awa guda tana kiran babanta. Ta zubar min da kwalin allurai, na tsince su da gwiwa. Ta ƙi shinkafa, ta ƙi burodi, ta ci rabin ayaba ta shafa min sauran a mayafi. Yanzu ta yi barci a bayana, hannuna ɗaya a kunnenta, da ɗayan nake rubutu. Akwai riga uku da ban taɓa ba.

Shekarata hamsin da takwas. Bayana ciwo yake. Maƙwabciya ta leƙo ta ce in kawo ta ta riƙe min in huta.

Na ce a'a.